Darasi na 7: Ƙonewar Fis ɗin Babur, Gano Dalili da Zaɓen Madadi

1.0 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi nazarin kalmomin sana'o'in gargajiya na Hausawa, irin su ƙira da jima da dukanci. Wannan darasi kuwa zai waiwayi sana'ar zamani, wato gyaran babur, kuma zai tsaya ne a kan wani ɗan ƙaramin abu guda da ake kira fis, wasu kuma su ce fiyus. An zaɓi fis ne saboda dalilai biyu. Na farko, bayaninsa yana buƙatar a jeranta tunani daki-daki, don haka ya dace da koyar da rubutun bayani. Na biyu, da yawa daga cikin malaman da ake turawa makarantun karkara da babur suke zirga-zirga, rashin sanin aikin fis kuwa yana iya jawo asarar abin hawa ɗungurungum.

An gina misalan darasin a kan Kurawa, wani gari a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato. Wannan yanki na ƙasar Gobir ya yi iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, yana kuma maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Isa.

2.0 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

(i) bayyana ma'anar fis da aikinsa cikin daidaitacciyar Hausa;
(ii) jero dalilan da kan sa fis ya ƙone da matakan gano su;
(iii) zaɓen fis ɗin da ya dace ta hanyar karanta lamba da yin ɗan lissafi;
(iv) tsara darasin rubutun bayani daga kalmomin da ya tattaro a garejin kanikawa.

3.1 Matsayin Babur a Yankin

A Kurawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, babur shi ne jakin zamani. Da shi ake kai amfanin gona kasuwa, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi kuma malami yake zuwa ofishin ilimi a Sabon Birni. Masu haya da shi, waɗanda Kanawa ke kira 'yan acaɓa, a ƙasar Sakkwato 'yan kabu-kabu ake ce musu. Baburan da aka fi gani sun haɗa da Bajaj Boxer da TVS na ƙasar Indiya, da Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, sai kuma ƙananan babura masu rufin roba da ake kira roba-roba, waɗanda ma'aikata ke sha'awa saboda sauƙin tuƙi.

Hanyoyin yankin suna wahalar da wayoyin babur. Da rani akwai yashi da gargada da zafin da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Da damina kuma akwai taɓo da tsallaka ruwa a fadamu. Bugu da ƙari, matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato ta sa babu mai son abin hawansa ya mutu a daji rana ta faɗi. Saboda haka sanin ƙananan gyare-gyare irin wannan yana cikin abubuwan da ke kare dukiya, wani lokaci ma har da rai.

3.2 Ma'anar Fis da Aikinsa

Fis wani siririn ƙarfe ne da aka sanya da gangan a kan hanyar da wutar lantarki ke bi, aka kuma ƙera shi yadda zai narke ya tsinke da zarar wutar da ke ratsa shi ta wuce kima. Wato shi ne wuri mafi rauni a cikin wayarin ɗin babur, kuma rauninsa shi ne amfaninsa. Idan ya tsinke wuta ta yanke, wayoyi da sauran kayan lantarki sun tsira. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a shekarar 1890 Thomas Edison na Amurka ya yi rajistar wani samfurin fis.

Akwai ma'aunai uku da ya wajaba a sani. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta, an kuma samo sunan daga Alessandro Volta na Italiya, wanda ya ƙirƙiro batir a shekarar 1800. Amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a cikin waya, daga sunan André-Marie Ampère na Faransa, kuma da harafin A ake rubuta ta a jikin fis. Wat kuwa shi ne ma'aunin wutar da wani abu, kamar ƙwan fitila, yake ci. Manomin fadama zai fahimci haka da sauri: bolt kamar ƙarfin injin ban ruwa ne, amfiya kamar yawan ruwan da ke bin tiyo, waya kuma ita ce tiyon. Idan ruwa ya fi ƙarfin tiyo sai ya fashe, idan wuta ta fi ƙarfin waya sai ta yi zafi robarta ta narke.

Dangantakar ma'aunan uku ita ce: idan aka raba wat da bolt sai a sami amfiya. Akasarin baburan yanzu batir mai bolt 12 gare su. Ke nan ƙwan fitila mai wat 35 yana jan kusan amfiya 2.9.

3.3 Ire-iren Fis

Fis iri biyu ake samu a babura. Na farko shi ne na kwalba, ɗan siririn gilashi mai hular ƙarfe a kowane gefe, ana kuma hango zaren ƙarfen a tsakiya. Lambarsa a jikin hular ake buga ta. Tsawonsa ya bambanta, akwai mai milimita 20 da 25 da 30. Na biyu shi ne na roba mai ƙafa biyu, wanda kamfanin Littelfuse na Amurka ya fito da shi a shekarar 1976. Shi ma akwai babba akwai ƙarami, lambarsa kuma a samansa take. An ba kowace lamba launinta kamar haka:

5A: ruwan ƙasa mai haske
7.5A: ruwan ƙasa mai duhu
10A: ja
15A: shuɗi
20A: rawaya
25A: fari garai-garai
30A: kore

Duk da haka, launi taimako ne kawai. Rana da ƙura suna koɗar da shi, jabun kaya kuma ba lallai su bi ƙa'ida ba. Lambar da aka rubuta ita ce abin dogaro.

A yawancin ƙananan babura fis guda ne, yana zaune cikin ɗan gidansa na roba kusa da batir, a kan jan wayar da ta fito daga kan batir mai alamar tarawa (+). Galibi lambarsa 10A ce ko 15A. A roba-roba batir yakan kasance ƙarƙashin sirdi ko ƙarƙashin matakin ƙafa. Kamfanoni da yawa suna ajiye fis na ko-ta-kwana a gefen na ainihin, amma masu babur da dama ba su san da shi ba.

3.4 Alamomin Ƙonewar Fis

Babbar alama ita ce a murɗa makulli a ga komai shiru: oda ba ta kuka, sigina ba ta ƙiftawa, fitilar birki ba ta kamawa, sitata kuma ba ta motsi. A nan akwai wani abu da kan rikita mutane. A wasu babura fulogi da fitilar gaba daga kwayil ɗin inji suke samun wuta kai tsaye, ba daga batir ba. Irin waɗannan za su tashi da kik, fitilar gaba ta kama, alhali fis a ƙone yake. Mai babur sai ya ɗauka batir ne ya mutu, ya je ya sayi sabo a banza. A wasu baburan kuwa, musamman sababbin roba-roba, komai daga batir yake fitowa, don haka idan fis ya ƙone ko da kik ba za su tashi ba.

Bambancin mutuwar batir da ƙonewar fis a fili yake. Batir a hankali yake rauni: oda ta dusashe, fitila ta yi ja, sitata ta riƙa ƙas-ƙas. Fis kuwa farat ɗaya yake yanke wuta.

3.5 Dalilan Ƙonewar Fis

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka ma fis ba ya ƙonewa banza. Manyan dalilan su ne:

(a) Haɗewar waya. Jikin ƙarfen babur shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Idan robar wata waya ta goge, tagullar ciki ta taɓa ƙarfen, wuta ta sami gajeriyar hanya, sai ta kwararo ninkin-ba-ninkin abin da waya za ta iya ɗauka. Wuraren da aka fi samun haka su ne wuyan babur inda kai ke juyawa, da ƙarƙashin tanki, da ƙarƙashin sirdi inda kaya ke danne wayoyi. Ɓera ma yakan ci robar waya idan babur na kwana kusa da rumbu.

(b) Ɗora wa babur kayan da suka fi ƙarfinsa, kamar ƙarin fitilu da babbar oda da amsa-kuwwar kiɗa da cajar wayar salula.

(c) Juya kan batir, wato ɗaura jan waya a inda baƙa ya kamata ta zauna. Wannan yakan faru bayan an kai batir caji, kuma nan take yake ƙona fis.

(d) Lalacewar raktifaya, na'urar da ke daidaita wutar da inji ke tura wa batir.

(e) Shigar ruwa cikin makunnai da mahaɗan wayoyi bayan wanki ko tsallaka ruwa.

(f) Tsatsa ko sakwarkwacewar gidan fis, wanda kan haifar da zafi har fis ya gaji ya tsinke.

Jikin fis ɗin da ya ƙone yana ba da haske a kan dalili. Idan cikinsa ya yi baƙi ƙirin, alama ce ta haɗewar waya. Idan zaren ya tsinke cikin tsabta, an fi zargin yawan kaya ko tsufa. Idan kuma robar gidan ce ta narke, to a duba tsatsa da sakwarkwacewa.

3.6 Matakan Bincike

Ga matakan da ya kamata a bi, kuma jerinsu yana da muhimmanci:

1. A kashe makulli, a kafe babur nesa da wuta da jarkar fetur.
2. A buɗe gidan fis, a ciro shi, a ɗaga shi ga haske. Idan ido bai tabbatar ba a gwada da mita, domin fis ɗin kwalba yakan tsinke daga cikin hula inda ba a gani.
3. A karanta lambarsa, a gwama da wadda aka rubuta a murfin gidan ko a littafin babur. Mai yiwuwa wani ya taɓa canza shi da wanda bai dace ba.
4. A tambayi kai abin da ya faru kafin wuta ta ɗauke. An taka birki ne, ko an danna oda, ko an juya kai, ko an yi wanki, ko an ɗaura wani sabon abu?
5. A cire duk wani ƙarin kaya da ba da shi babur ya zo ba.
6. A bi wayoyi da ido da hannu ana neman gogewa ko narkewa. Kafin a taɓa waya a kwance baƙar wayar batir tukuna, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe.
7. A sa sabon fis mai lamba ɗaya da ta ainihi, sannan a lura da lokacin da zai ƙone, idan zai ƙone.

Mataki na bakwai shi ke nuna inda cutar take. Idan fis ya ƙone tun ba a murɗa makulli ba, laifin yana tsakanin batir da mazaunin makulli, ko a raktifaya. Idan sai an murɗa makulli, yana gaba da mazaunin makullin. Idan kuma sai an taka birki ko an kunna sigina, to layin wannan abin ne za a bi.

Masu gyaran wayarin suna da wata dabara da ke hana ɓarnar fis. Sukan ɗaura ƙwan fitila mai bolt 12 a gurbin fis, su kashe duk makunnai. Idan akwai haɗewar waya ƙwan zai haska sosai. Daga nan sai su riƙa motsa wayoyi suna cire mahaɗai ɗaya bayan ɗaya. Inda hasken ya mutu ko ya dusashe, nan matsalar take. Mai mita kuma zai iya auna batir: lafiyayye yana nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe, da kimanin 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. Abin da ya haura 15 yana nuna raktifaya ta sami matsala.

3.7 Zaɓen Madadi

Ƙa'idar guda ce: a mayar da fis mai lamba ɗaya, iri ɗaya, girma ɗaya. Dalili kuwa shi ne, kamfani ya zaɓi lambar fis ne gwargwadon kaurin wayoyin babur. Idan aka sa 20A a gurbin 10A, wayoyin suna nan yadda suke, an dai ba wuta izinin ninkawa kafin a tsayar da ita. A irin wannan hali waya ce za ta riga fis narkewa. Idan babu mai lambar daidai, ana iya lallaɓawa da wanda ya gaza kaɗan, kamar 7.5A a gurbin 10A. Iyakar abin da zai faru shi ne ya sake ƙonewa, wannan kuwa ba asara ba ce.

Mafi muni shi ne abin da aka saba gani a bakin hanya, wato naɗe mataccen fis da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko haɗe bakin wayoyin biyu da zaren tagulla. Babur zai tashi, amma daga wannan lokaci ba shi da mai tsaro. Ranar da waya ta haɗe, wayarin ɗin gaba ɗaya zai kama hayaƙi, ga shi kuma a ƙarƙashin tankin fetur yake bi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Lissafi yana taimakawa kafin a ƙara wa babur kaya. A ɗauka babur yana da fis 10A. Fitilar birki wat 21, ta baya wat 5, sigina biyu wat 20, jimla wat 46, wato kusan amfiya 3.8. Idan oda tana jan amfiya 2, an sami 5.8. Wannan daidai ne, domin masu ƙera fis suna ba da shawarar kada wutar da ke ratsa shi a kullum ta wuce kashi 75 cikin 100 na lambarsa. Amma idan aka ƙara fitilu biyu masu wat 55 kowace, an ƙara amfiya 9.2, jimla ta koma 15, fis kuma zai ƙone, musamman idan inji yana a hankali. Maganin shi ne a sauke fitilun, ko mai wayarin ya ja musu layinsu daban daga batir, da waya mai kauri da nasu fis ɗin.

3.8 Misali

A ɗauka wani malami ya taso daga Sabon Birni zai koma Kurawa bayan la'asar. Ya juya kan babur zai kauce wa rami, sai oda da sigina suka ɗauke. Ya sa fis ɗin ko-ta-kwana, ya yi 'yar tafiya, ya sake juya kai, shi ma ya ƙone. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ce masa, "Malam, kawo in ɗaure maka da waya ka isa gida." Malamin ya yi godiya, amma ya tuna cewa sau biyu wutar tana ɗaukewa ne daidai lokacin juya kai. Da ya leƙa wuyan babur sai ya ga wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Ya naɗe ta da salatif, ya janye ta daga ƙarfen, ya karɓi aron fis mai 7.5A, ya isa gida kafin magariba. Washegari ya sayi 10A guda uku, ya sa ɗaya, ya adana biyu. Abin lura a nan shi ne, tambayar da ke mataki na huɗu ce ta kai shi ga wayar.

3.9 Kalmomin Sana'a da Koyar da Su

Idan aka dubi kalmomin darasin za a ga hanyoyi uku da Hausa ta bi ta same su. Ta farko ita ce aro tare da kwaskwarima. Sautin /p/ na Ingilishi ya koma /f/, kamar a fulogi da filaya. Sautin /v/ ya koma /b/, kamar a bolt da bawul. Inda baƙaƙe biyu suka zo a jere a farkon kalma kuma an raba su da wasali, kamar a birki da sitata. Hanya ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar gida: ƙwai ya ba da ƙwan fitila, sirdin doki ya koma na babur, haka nan wuya da kai da gida. Ta uku ita ce ƙirƙira, kamar roba-roba, da makunni daga aikatau kunna.

Malamin da aka tura Kurawa zai tarar da ƙarin abubuwa biyu. A karin harshen yankin sautin /f/ yakan koma /h/ ko /hw/, don haka yara za su ce hitila da hwari a maimakon fitila da fari. Haka kuma saboda kusanci da Nijar za a ji kalmomin da aka aro daga Faransanci, kamar moto a maimakon babur da buji a maimakon fulogi. Bai kamata malami ya ɗauki waɗannan a matsayin kuskure ba. Aikinsa shi ne ya karɓi abin da yaro ya zo da shi, sannan ya nuna masa yadda ake rubutawa a daidaitacciyar Hausa.

Wajen koyarwa, malami ya shiga aji da fis mai rai da matacce, ya bar yara su riƙe su gano bambanci. Daga nan ya rubuta matakan bincike a hargitse a kan allo, ya sa su jera su, suna amfani da kalmomin jerantawa irin su da farko, bayan haka, sannan, daga ƙarshe. Kada a yi gwajin haɗe wayoyin batir a cikin aji.

4.0 Kammalawa

Wannan darasi ya nuna cewa fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin babur, kuma ƙonewarsa sanarwa ce cewa akwai matsala a wani wuri. Don haka aikin farko shi ne neman dalili, na biyu mayar da fis mai lamba ɗaya da ta ainihi. An kuma ga yadda garejin bakanike yake cike da kalmomin da malamin Hausa zai gina darasi a kansu.

5.0 Jinga

1. Bayyana aikin fis cikin jimloli biyar, yadda ɗan aji shida na firamare zai fahimta.
2. Babur yana da fis 15A, kayansa suna cin wat 96. Amfiya nawa suke ja? Shin za a iya ƙara fitila mai wat 55 a kan layin? Nuna lissafi.
3. Fis yana ƙonewa duk lokacin da aka taka birki. Jero matakan da za a bi.
4. Ziyarci garejin babura mafi kusa, ka tattaro kalmomi 20, ka rarraba su zuwa na aro da na faɗaɗa ma'ana da na ƙirƙira.
5. Tsara darasin minti 35 a kan rubutun bayani, kana amfani da matakan da ke sashe na 3.6.